Darasi ga Masu Rufin Kwano: Bari a San Inda Muke

Kowace shekara iskar farkon damina takan yaye rufin gidaje da majami'u. Sau da yawa ɗan gidan da ke birni ne yake biyan kuɗin gyara, kuma a wayarsa yake neman ma'aikaci. In sunan kafintanmu bai fito ba, sai aikin ya tafi hannun baƙo.

Shiga taswirar Google kyauta ne, ta hanyar Google Business Profile. Abubuwa 3 Google yake dubawa kafin ya nuna mai sana'a: ko aikinsa ne ake nema, kusancinsa, da yadda aka san shi. Saboda haka:

1. Mu rubuta suna, lambar waya, da ƙauyukan da muke zuwa aiki.
2. Mu sa hoton rufin da hannunmu ya yi, ba na wani ba.
3. Mu roƙi waɗanda muka yi wa aiki su rubuta shaida. Kada mu sayi yabon ƙarya, gama ruwan Agusta zai tona rufi mai yoyo.

Matasan ikilisiya su taimaki dattawa da wayoyinsu kafin ruwa ya sauka. A karanta Karin Magana 22:1 tare.