Furen da Ke Jure Inuwar Tsakar Gida

Da wuya ki shiga gida a Nasarawan Doya ba ki tarar da darbejiya ko mangwaro a tsakar gida ba, ƙarƙashinsu kuwa fayau, sai kaji ke tono. Uwargida, akwai furen da zai karɓi wurin nan. Feriwinkil ake ce masa: ganyensa kore shar mai sheƙi, furensa fari ko ruwan hoda mai kunnuwa biyar. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. Yakan yi shekaru a raye, kuma damina da rani ba ya fasa fure.

Ki zaɓi gefen inuwa ta gabas, inda hantsi ke taɓawa awa 3 zuwa 4. Gindin mangwaro ya cika duhu, can sai ya yi ta miƙewa ba fure.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ruwa ke kashe shi, ba ƙishi ba. Lakar fadama da raken Maƙarfi ke so, shi guba ce gare shi. Ki haɗa ƙasar gona da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki, ki ɗaga ta kamar kunyar dankali, don markar watan Agusta ta zurare ba ta kwanta a saiwa ba. In saiwar darbejiya ta cinye wurin, tsohuwar randa ta wadatar, a huda gindinta. Ruwan wanke-wanke mai sabulu kuwa kada ya je kusa. Takin zamani ma ki bar wa masara, ganye kawai zai tara.

Ki shuka a watan Yuni, taku guda tsakanin gindi da gindi. Iri ne, ki rufe shi da ƙasa kaɗan. Reshe ne, ki yanko tsawon yatsa ki soke a yashi mai danshi. Da ya kai taƙi ɗaya sai ki tsinke kansa, zai yi rassa. Da hunturu ganyen ƙasa kan yi rawaya, ba ciwo ba ne, ban ruwa da safe duk bayan kwana 2 ko 3 ya isa.

Awaki ba su cika kula shi ba saboda ɗaci, amma yara fa a sa ido, don yana da dafi. Gaskiya ne daga jikinsa masana a Kanada suka fitar da maganin sankara a shekarar 1958, sai dai aikin ɗakin bincike ne wannan. Don Allah kada a dafa ganyensa a ba mai ciwon suga.