Namibiya: Shawarwari Ga Mai Zuwa Ɗaukar Hoton Taurari

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Namibiya don ɗaukar hoton taurari, kafin ya tambayi kuɗin jirgi, ya fara duba kwanan wata, kuma na Musulunci nake nufi. Farin wata ne ke ɓata wannan tafiya. Idan ka sauka ranar sha huɗu ga wata, ka yi asarar kuɗinka, domin hasken zai shanye duk abin da ka je gani. Ka saita zamanka daga wajen 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga mai kamawa. A waɗannan darare wata ba ya fitowa sai gab da asuba, ko kuma ya faɗi tun da wuri ya bar maka sararin. Masu wannan sha'awa daga Turai sun san haka sarai, shi ya sa ɗakunan kwana na waɗannan kwanaki ke ƙarewa tun da sauran watanni, wani lokaci ma shekara guda. Kada ka bari sai lokaci ya ƙure.

Duhu ne abin da ƙasar take da shi a wadace. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 824,000, ta kusa kai Najeriya, amma mutanenta kamar miliyan 3 ne kacal. Iskarta busasshiya ce, kuma tsakiyarta tudu ne. Kudu maso yamma da babban birni Windhoek akwai dutsen Gamsberg mai shimfiɗaɗɗen kai, tsayinsa mita 2,347, kusa da shi kuma gonar Hakos, inda wata ƙungiyar masu sha'awar taurari da aka kafa a Jamus a 1999 ta girke na'urorin hangen nesa. A yankin ne kuma masana suka kafa manyan na'urorin hangen nesa na H.E.S.S. da suka fara aiki a 2002. Ta ɓangaren Kalahari akwai gonar Tivoli. Can kudu, gandun NamibRand ya zama wuri na farko a Afirka da aka ayyana a matsayin keɓantaccen yankin duhun sama, a 2012. Gonakin nan suna ba da hayar ɗaki da abinci har da na'ura, don haka ba dole ba ne ka yi dakon manyan kaya.

Lokacin zuwa shi ne Mayu zuwa Satumba, sa'ad da muke damina su kuma suke hunturu. Da rana za ka ji daɗin gari, amma da tsakar dare sanyi kan kai ma'aunin sifili. Wanda ya saba da hunturun Jos kada ya ɗauka ya shirya. Tsayuwa wuri ɗaya awa biyar ba motsi daban ce. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, hula mai rufe kunne, safar hannu mai barin yatsu, da man shafawa, domin leɓe da diddige kan tsage.

Me ya sa mutum zai tafi har can? Daga Kano, taurarin kudu can ƙasa suke leƙowa, kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa, cikin ƙura da hasken gari. A Namibiya kuwa suna bisa kanka. A Yuni da Yuli tsakiyar galaksinmu, wato farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama, tana wucewa daidai tsakar ka, da baƙaƙen jijiyoyin ƙura a jikinta. Akwai Omega Sentauri, dunƙulen taurari kusan miliyan 10, wanda ido ke gani kamar tauraro guda mai dishi-dishi, sai ka sa na'ura ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo ba iyaka. Akwai nebular Karina, makeken gajimaren iskar gas da ƙura inda ake haifar sababbin taurari, nisanta kamar tafiyar haske ta shekara 7,500. Sai Gajimaren Majalan guda biyu, ƙananan galaksi maƙwabtanmu. Babban yana nisan tafiyar haske ta shekara 160,000. Su dai a Yuni ƙasa-ƙasa suke da farkon dare, wanda su ne burinsa ya zo a Agusta ko Satumba ya jira su kafin asuba. A lokacin zai ga Kaza da 'ya'yanta, sai dai ta arewa za ta ɓullo masa.

Tauraro mai wutsiya ba a yi masa alkawari. Wanda aka daɗe ana jira kan zo ya ba da kunya, wani kuma ya zo ba sallama ya cika sama. A Tivoli ne wani ɗan Ostiriya, Gerald Rhemann, ya ɗauki tauraron Leonard ranar 25 ga Disamba 2021, daidai lokacin da iskar rana ta tsinke wani yanki na wutsiyarsa, kuma hoton ya lashe babbar gasar hotunan sama da ake yi a Ingila a 2022. Ka lura a Disamba ne, lokacin da ake fargabar hadari, ke nan mai bin irin waɗannan taurari shi ke bin lokacinsu.

Akwai ladabin wurin, kuma ina roƙonka ka riƙe shi da gaske. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, fitila fara kuwa cikin daƙiƙa guda take rushe wannan. Jar tocila kawai ake kunnawa, ita ma a sunkuyar da ita ƙasa. Wayarka ka rage haskenta ko ka bar ta a ɗaki. Kada ka shigo da mota bayan magariba da fitilu a kunne: wani yana can ya buɗe kyamararsa tun minti goma yana tara haske, kai kuma ka shafe masa. Idan ya zama dole, ka ɗaga murya ka sanar tukuna.

Da hantsi, bayan an rama barci, ake zaman da na fi so a wannan harka. Kowa ya buɗe kwamfutarsa a teburin cin abinci, a sunkuya kan hoto guda. Wani ya ƙara girman kusurwa ya nuna cewa taurarin sun yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, alamar na'urar ba ta bi juyawar sama daidai ba. Wani ya ce jan nan ya yi yawa, mai hoton ya kare kansa da cewa launin haidurojin ke nan. A nuna koren da ke kan tauraro mai wutsiya, wanda iskar kabon ke fitarwa, a yi ƙorafin layukan da taurarin ɗan'adam na Starlink ke ja a hotuna tun 2019. Ka zauna ka saurara, ka nuna naka ko da bai yi kyau ba. Mutanen nan suna son koyarwa. A nan za ka gane cewa hoton da ka gani a mujalla ba ɗauka ɗaya ba ce, gomman hotuna ne aka ɗora kan juna. Idonka ba zai ga waɗancan launuka ba, toka-toka zai gani. Wasu wannan kan sanyaya musu gwiwa, ni kuwa ina ganin kuskure ne mutum ya kwana yana kallon allon kyamara. Ka ware awa guda kowane dare, ka kwanta rigingine da madubin hangen nesa na ido biyu.

Sabon shiga kyamara da ƙafa uku sun ishe shi. Gilashi mai faɗin gani, milimita 14 zuwa 24, a buɗe shi sosai, ISO 1600 zuwa 3200, daƙiƙa 15 zuwa 20, a saita gani da hannu kan tauraro mai haske. Wanda ya zo da na'ura mai bin sama ya sani ba a ganin tauraron arewa daga can, na kudun kuma, Sigma Oktantis, da ƙyar ido ke kama shi, saboda haka ya koyi saitin tun a gida. Sanyi na cinye batir, ka riƙe na ajiya a aljihun ciki. A jirgi ma a jakar hannu ake sa su.

Daga Kano ana iya bi ta Addis Ababa, ko daga Legas ta Johannesburg. Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka kuma tabbatar da zancen biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Kuɗinsu dalar Namibiya ce, darajarta ɗaya da rand ɗin Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar duka biyun. Ta hagu ake tuƙi. Hanyar gonakin ta tsakuwa ce: kada gudunka ya wuce kilomita 80 a awa, ka cika tanki a Windhoek, ka riƙe ruwa da tayar safaya, ka isa kafin faɗuwar rana saboda namun daji da ke tsallaka hanya. Naman farauta ake yawan ci a gonakin, don haka ka sanar da masu masauki tun kafin ka taso cewa kifi ko ganye kake so, ko ka sayi naman halal a birni. Alƙibla kuma daga can arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa, ka duba ta tun da rana. Ka roƙi ruwan zafi a fulas don alwalar asuba.