Idon Ungozoma Ba Ma'auni Ba Ne

A shekarata ta farko da fara aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya a ɓangaren Iku, cikin Suleja, wata mata ta sauka lafiya wajen ƙarfe biyun dare. Haihuwarta ta shida ke nan. Babu wuta, da fitilar waya muke aiki. Na dubi zanin da ke ƙarƙashinta, na ce a raina jinin bai yi yawa ba. Babbar ungozomar da nake ƙarƙashinta ba ta ko kalli zanin ba. Hannu ta ɗora a marar matar, ta ce, "'Yata, zo ki taɓa." Na taɓa, na ji mahaifar ta saki, laushi kamar ƙullu. "Murza, kada ki ɗaga hannu sai ta yi tauri." Sai da muka ɗaga matar na ga zannuwa biyu sun jiƙe sharkaf a bayanta.

Duk wannan na karanta shi a makaranta, na ci jarrabawa, ina da lasisina. Amma hannuna bai san shi ba sai daren nan.

Jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa, wato cikin ledar fiya-wata guda, shi ne iyakar da muke fara ɗaukar mataki. Matsalar ita ce ido yana raina jini, musamman idan zani da katifa sun shanye shi. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai jego, jinin ya taru a gan shi da lamba. Da ya kai iyaka, a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba ko an samu ƙari. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ma'aikatan dai su ne na jiya. Kayan aiki da horo ne suka canja.

Shi ya sa nake jin ciwo idan aka ce ungozoma "ba ta iya aiki ba" aka tsaya nan. Oksitosin sai a firji yake zama. Idan zafin Suleja ya dafa shi, ƙwararriya ma za ta yi allurar ta ga jini bai tsaya ba. Shirin ungozomomi na gwamnati, wato MSS, na 2009 ya fahimci wani abu da ya tura sabbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya zuwa karkara, domin sabuwa na bukatar tsohuwar hannu a kusa.

Ku kuma, iyayena da 'yan'uwana, ga roƙona. A zo awo. Kada a bari sai naƙuda ta kwana biyu a gida. Idan mai jego ta jiƙe zani, ko jiri ya ɗebe ta, a faɗa mana nan take, a ajiye kunya. Maigida, ka tanadi abin hawa da mutum biyu masu ba da jini tun ciki na wata bakwai, domin idan na ce a wuce Babban Asibitin Suleja, ba ni da minti goma na jiran a nemo mai Keke Napep.