Darasi: Bin Sawun Dabbar da Aka Harba

Maharban Sassumbrum, ku saurara. Barewa da gada sun yi wuya a ƙasar Magarya da Dungas. Gonaki sun cinye daji. Saboda haka dabbar da aka harba ta ɓace, asara ce babba.

In kibiya ta sami dabba, kada ka bi ta nan take. In ka kore ta, za ta yi nisa. In ka dakata, za ta nemi duhuwa ta kwanta.

Je wurin da ta tsaya. Sa alama. Duba jini a ƙasa da jikin ciyawa.

Jini ja mai kumfa: an sami huhu. Ba za ta yi nisa ba.
Jini mai duhu: an sami hanta. Ƙara haƙuri.
Jini haɗe da ƙazantar tumbi: dakata sa'o'i da yawa.

Bi sawu a hankali, iska tana bugun fuskarka. Kada ka taka jinin. In sawu ya ɓace, koma alama ta ƙarshe, ka kewaya.

Yi bisimilla lokacin harbi. In ka iske ta da rai, yanka ta.

Dokar farauta ta Nijar ta 29 ga Afrilu 1998 ta ce sai da takardar izini. Nemi taka wurin ma'aikatan gandun daji. Bar dabba mai ciki da mai shayarwa, don jikokinmu su san barewa.

Tambayoyi:
1. Don me ake dakatawa bayan harbi?
2. Jini mai kumfa, me yake nunawa?