Ƙuma a Jikin Kyanwa da Cikin Ɗaki

A ƙasar Gwandu da Kalgo, inda rumbunan gero da shinkafa suke da yawa, magidanci ba ya rabuwa da kyanwa, domin ita ce maganin ɓera. Amma in ta kawo ƙuma, sai ya kore ta, ko ya zuba mata maganin ƙwarin gona. Duka biyu kuskure ne.

Ƙumar da ake gani a jikin kyanwa kaɗan ce. Mace guda takan saka ƙwai har 50 a yini, su zube a tabarma da tsagar daɓe, su ƙyanƙyashe tsutsa, bayan mako 2 ko 3 ta zama ƙuma. In an kori kyanwa, sai ƙumar ɗaki ta koma kan ƙafafun mutane. Ɓera kuma ya sami sarari, alhali ƙumarsa ce ta yaɗa annobar da ta faɗa wa Ikko a 1924.

Saboda haka ana roƙon hakimai su sa dagatai da masu unguwa su yi shela: a riƙa share ɗaki kullum ana ƙone sharar, a shanya tabarmi a rana, a liƙe tsagar daɓe, a wanke tsumman da kyanwa ke kwanciya a kai da tafasasshen ruwa. Magani kuwa sai wanda malamin dabbobi ya bayar; fiya-fiya da maganin kare mai permethrin suna iya kashe kyanwa. Kada a gaji kafin wata 3.

Magatakarda su rubuta unguwannin da abin ya tsananta, su miƙa wa duba-gari.