Kullutu a Mama: A Je a Duba, 'Ya'yana

'Ya'yana mata na Yolde Kohi, da ku na cikin Yola da Jimeta, magana ce da ni a kan abin da muka saba rufewa da mayafi. Mace ta ji kullutu a mamanta, gabanta ya faɗi, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Tana shafe-shafe, tana shan jiƙo, ko mijinta bai sani ba. Tsoron kada a ce mata daji ne ya hana ta tambaya.

To ku kwantar da hankalinku. Mafi yawan kullutun da ke fitowa a mama ba sankara ba ne. Wani ruwa ne ya taru wuri guda, wani ƙari ne marar lahani mai zillewa a ƙarƙashin yatsa, irin wanda aka fi gani ga 'yan mata, wani kuma ƙurji ne na mai shayarwa. Sai dai hannu ba ya iya rarrabewa, ko hannun likita ne. Shi ya sa ake tura mace hoto.

Na'urar ba baƙuwarku ba ce, ita ce ta sikanin da ake duba juna biyu da ita. Ba allura, ba yanka, sai ɗan mai da ake shafawa a goga kan na'urar a wurin. Sauti take turawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, ya dawo mata da hoto. Likita zai duba siffar kullutun: shin gefensa sumul ne ko ya yi ƙafafu, ruwa ne a ciki ko nama. Sannan akwai mataki na biyu da nake so ku sani, wato duba gudun jini. Ana kiransa Dofla, da sunan Christian Doppler, masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya bayyana tushen abin a 1842. Sautin da ya bugi jini mai gudu yakan dawo a sauye, na'urar kuma ta nuna shi da launin ja da shuɗi. Kada jan ya firgita ki, diyata. Launin yana nuna inda jinin ya dosa ne kawai.

Me ya haɗa jini da sankara? Tun 1971 wani likita a Amurka, Judah Folkman, ya nuna cewa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa sabbin jijiyoyin jini. Kamar mai noman rani a Geriyo ne, ba ya faɗaɗa gona sai ya haƙa wa ruwa hanya. Saboda haka muguwar sankara takan tara jijiyoyi barkatai, karkatattu, masu huda kullutun har tsakiya. Ƙullin ruwa ba jini a cikinsa ko kaɗan. Ƙari marar lahani kuwa jininsa yawanci kaɗan ne, ko ya bi ta gefe.

Amma ku ji ni da kyau a nan, don nan ne ake tuntuɓe. Gudun jini shaida ce, ba hukunci ba. Ƙurjin mai shayarwa yakan cika da jini a hoto alhali ba sankara ba ne, kuma akwai sankarar da jininta ba ya fitowa sosai. Idan likita ya haɗa siffa da gudun jini ya ce hankalinsa bai kwanta ba, zai nemi a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. A nan mata da yawa ke guduwa, wai daji ba ya son ƙarfe. Wallahi wannan magana ta raba 'ya'ya da iyayensu mata. Allurar gwaji ba ta tayar da ciwo. Jinkiri ne ke ba shi damar yaɗuwa zuwa hammata, da ƙashi, da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, kimanin 670,000 suka rasu. Cutar da aka kama da wuri ana warkewa daga gare ta da izinin Allah, ciwonmu a nan shi ne zuwa a makare.

Asibiti bai yi mana nisa ba. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ga Asibitin Ƙwararru a Jimeta. Ki karɓi takardar sakamakon ki koma da ita wurin likitan da ya tura ki, kada ki ba maƙwabciya ta fassara miki. Wadda ta haura shekara 40 ta tambayi batun mamogiram, wato wani hoton mama na daban, don shi yana hango abin da hannu bai kai ga ji ba.

Ku kuma maza, kuɗin mota da na hoto a wuyanku suke, da rakiya, da kyakkyawar magana.

Diyata, in kin ji kullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko kaluluwa ta fito a hammata, kada ki jira sai ya yi zafi, don sankara sau da yawa ba ta ciwo a farkonta. Ki yi addu'a, ki ɗauki mayafinki ki je a duba cikin makon nan. Allah Ya ba mu lafiya.