Ɗana, Wifin Jama'a Yana da Kunne

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kai da abokan horonka a barikin Tondibiya. Na san idan aka ba ku ɗan hutu kukan nemi fada ku zauna, ana dafa shayi, kowa ya sunkuya kan wayarsa, kuma duk wifin da aka tarar a buɗe sai a hau ba tambaya, domin kuɗin ɗalibi ba ya kai ƙarshen wata. Ban ga laifinku ba. Amma ka ba ni aron kunnenka kaɗan.

Abin da ka rubuta a waya ba ya tafiya dunƙule guda. Wayar tana yayyanka shi ƙanana-ƙanana ta watsa a iska zuwa akwatin wifi, daga nan na'ura ta miƙa wa na'ura har ya isa inda ka aike shi. Idan shafin da ka shiga bai kulle saƙon ba, to kamar ka ba yaron mota wasiƙa ce a tasha ba ambulan, duk hannun da ta ratsa zai iya karantawa. Wanda yake zaune a bencin da ke bayanka da kwamfuta a cinya yana iya tsince gutsattsarin nan da manhaja irin Wireshark, wadda take yawo kyauta tun 1998. Masu gyaran layin sadarwa aka yi wa ita, ba ɓarayi ba, sai dai ba ta tambayar niyyar mai riƙe da ita. Sunanka zai fito masa a allo, kalmar sirrinka a gefe, harafi bayan harafi, kai kuwa kana kurɓar shayinka, wayarka ba ta yi ko ƙara ba.

Kada ka ɗauka tsoron tsofaffi ne. A 1995 irin wannan saurare aka yi wa wata jami'a a Helsinki ta ƙasar Finlan aka kwashe kalmomin sirri, shi ya sa wani mai bincike a wurin, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH domin a daina aika su tsirara. A 2010 kuma Eric Butler ya saki manhajar Firesheep, wadda da ita ko wanda bai iya komai ba zai shige Facebook ɗin maƙwabcinsa a wifin jama'a, kuma sai a 2013 Facebook ya gama kulle hanyar ga kowa. Yau manyan shafuka sun gyaru, alhamdu lillahi. Ƙananan ne abin tsoro, da tsofaffin da aka manta da su, saboda haka kafin ka sa kalmar sirri ka daure ka dubi saman allo: adireshin ya fara da https, alamar an kulle saƙon, kuma in ka ga "Non sécurisé", wanda Chrome yake nunawa a kan duk shafin da ba a kulle ba tun 2018, ka janye hannunka. Ko https ɗin ma hanya kawai yake tsarewa, ba ya shaidar halin mai shafin.

Wata ɓarnar kuma ba a hanya take ba, a ma'ajiya take. A 2009 an fasa kamfanin RockYou aka tarar da kalmomin sirri kusan miliyan 32 a ajiye yadda masu su suka rubuta. Wanda yake da kalma ɗaya tilo ga kowane shafi, ranar nan komai nasa ya tafi. Na san haddace kalmomi da yawa da gajiya, ni ma ina jinta, amma ka bambanta su, ka kuma kunna tabbaci na biyu, wato lambar da ake turo maka a waya.

Kai kuma, ɗana, asusunka ba naka kaɗai ba ne yanzu, domin akwai hotunan ƴan'uwanka cikin kaki, da sunayensu, da inda aka kwana. Nijar ta yi dokar hukunta laifukan intanet a 2019, amma kafin ƙara ta kai gaban alƙali an riga an rubuta wa mahaifiyarka da sunanka cewa kana asibiti, a turo kuɗi maza. Saboda haka duk abin da ya shafi kuɗi ko aiki, ka yi shi da layinka na Airtel ko Moov ko Zamani, ko da zai ci maka ɗan abin da ka tanada. Idan kun yi waya da mahaifiyarka ranar Juma'a, ka gaya mata duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunanka, ta kira ta ji muryarka kafin ta fita gida.